Mai Faci a Ƙofar Coci

Birthe ta kawo furannin jana'iza wani coci a garin Viborg, sai ta tarar da wata mace zaune a kan matakala. Baƙaƙen kaya ne a jikinta, kwamfuta a cinya, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Idanunta sun kumbura, amma yatsunta ba sa hutawa.

"Troels, kai dai saurara," take cewa. "Harshen kwamfutar da muka rubuta manhajar asibiti da shi aka gano wa ɓaraka. Da safen nan suka fitar da faci. Sanarwar da muka karanta, ɓarayi ma sun karanta."

Birthe ta san facin tayar keke, amma ba ta taɓa jin na harshe ba. Kuma wane irin ɓarawo ne ke jiran sanarwa?

A ciki an fara waƙa. Wani dattijo ya leƙo. "Ke muke jira, 'yar nan."

"Ga ni nan, Kawu."

Birthe ta kasa haƙuri. "Baiwar Allah, me ya lalace haka?"

"Babu abin da ya lalace tukuna. Bayanan marasa lafiya nake toshe wa kafa. Duk wata muna yi, na wannan karon ne ya faɗo ranar jana'izar Mama."

Ta danna maɓalli, ta zuba wa allon ido, leɓɓanta na bin waƙar da ake rerawa a ciki. Birthe na tsaye rungume da furanni, ta rasa ko ta'aziyya za ta yi mata ko sannu da aiki.