Ƙahon da Na Ce Ƙarya Ne

Akwai wani baƙin sa da ya yi wata biyar ɗaure a gindin itacen bedin gidana a Tasawa, kuma har ya bar gidan ban iya tsayawa na dube shi ido da ido ba. Da guminna na saye shi, gaban shaidu, ba sata ba, ba ƙwace ba. Amma duk safiya in na kai mashi dusa, sai in ji kamar ni ne ɓarawon da ba a kama ba.

A shekarar nan damina ta yi mana gardama. Hatsi ya fidda kai ya tsaya, wake ya ƙone a fure, kara ma bai yi tsawon kirki ba. Ga sojoji sun karɓi mulki, iyaka rufe, kuran, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuwa mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, albashina na shigowa ko da latti, don haka yunwar a bakin mutane nake jin ta. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne waƙa.

Muna da wani zaure a cikin salula, mu kusan arba'in, daga Tasawa zuwa Mayahi har Urafane, kowa na ɗora waƙarsa sauran su duba. Shugaban zauren wani tsohon magatakarda ne a Mayahi, mutum mai tsoron fitina. Da sojoji suka hau, ya kafa doka: ba siyasa. Nan take aka koma waƙar farin wata da ta gashin idon masoyiya, har da masu jikoki. Ni kuma na ƙara doka ta biyu da bakina, na ce ba roƙo, nan zauren fasaha ne, ba ƙofar masallaci ba. Ta uku ita ce al'adarmu da muke taƙama da ita: duk wanda ya ɗora waƙa sai an gyara mashi, ya koma ya sake ta, ya maido, har sau uku. Taken da muka liƙa a saman zauren shi ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wa ya kai ni iya gyara? Shekara goma sha ina jan jan bik a kayen yara, littattafan da suke rubutu ciki, hannu ya saba. Sauran mutane “Ma sha Allah, Allah ya ƙara basira” suke rubutawa su wuce. Ni sai na ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango, in auna kari, in duba amsa-amo, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi. Akwai waɗanda suka bar zauren saboda ni, kuma wallahi a lokacin daɗi nake ji.

A cikinmu akwai wani dattijo daga wani ƙauye na wajen Korgom. Bai yi boko ba, saboda haka bai rubutu, sai dai ya rera waƙarsa ya aiko da murya. Muryar na da kauri, tana ɗan karkarwa a ƙarshen baiti, kuma sau da yawa kana jin kaji ko ƙarar guga a bayanta. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hoton da ke kan lambarsa na amalanke ne. Abin da muka sani kawai, da amalanken nan yake ci da gidansa: ya ɗauko ruwa, ya kai kaya kasuwa, ya kai taki gona.

Cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, ya aiko da wata waƙa a kan san da ke ja mashi amalanke. Ya buɗe da sunan Allah da salati yadda ya kamata, sannan ya shiga. Baitoci biyu na riƙe har yau. Ɗaya a tsakiya:

Baƙin sana, ƙaho guda sama guda ƙasa,
Ya cinye darnin gida, ya koma lasar ƙasa.

Ɗaya kuma shi ne na rufewa:

In sati uku sun cika ba hadari bisa,
Ni da shi sai kasuwa, Korgom ba ta da nisa.

Yanzu ko yaron ajin farko na ba wannan, zai gaya mani abin da mutumin ke cewa. Magidanci ne, mai furfura, ba maroƙi ba ne kuma ba ɗan maroƙa ba. A ƙasarmu irinsa bai buɗe baki ya ce rumbuna ya ƙare, dabbata za ta mutu, ku taimake ni. Ko ƙanensa zai nema, sai ya kewaya. Ga kuma dokata ta hana roƙo. To ya samu hanyar da zai faɗa ba tare da ya zubar da girmansa ba, ya faɗi ciwon, ya faɗi wa'adi, ya faɗi wurin. Mu arba'in, da malaman lakwal da ma'aikatan likita da 'yan kasuwa, muka saurara.

Ni na fara amsawa, da murya, don ya ji da kyau. Na ce, “Baba, sannu da ƙoƙari. Amma ka rufe ɗango da ƙasa, ka sake rufe na biyu da ƙasa, wannan talaucin kalma ne. Sannan ƙahon nan, tsakani da Allah, amsa-amo ne ya matse ka, ka lanƙwasa ƙahon sa don baiti ya fita. Mai sauraro ba yaro ba ne. Baitin ƙarshe kuma, Baba, sanarwa ce, ba waƙa ba. Sai ka ce mai shela ranar kasuwa.”

Wata ungozoma daga Kanan-Bakashe, wadda ba ta cika magana ba, ta rubuta, “Baba, san yana nan dai ko? Yana samun abin ci?” Ni kuwa, kaico, na ce mata, “Madam, mai waƙa daban, wanda ke magana cikin waƙa daban. Wannan darasin farko ne. In gaisuwa za a yi, a yi ta gefe.” Shugaban zaure ya shigo ya ce, “Bon, a dai yi hankali da waƙoƙin rashin ruwa, kada wani ya ɗauka da wasu ake. Hadari na Allah ne, a bayyana haka sarai.” Dattijon ya aiko da gajeren saƙo: “Na gode, Mushe. Za a gyara.”

Bayan sati ya maido ta. Ya canza ƙasa ta biyu, ya ƙara baiti guda yana cewa ruwa na hannun Mai Sama, don hankalin shugaba ya kwanta. Ƙahon yana nan. Sati uku kuma ya koma sati biyu. Haba, sai raina ya ɓaci. Na ce, “Baba, abin da na ce ka cire ka bari, abin da ban taɓa ba ka taɓa. Sati uku ya fi zama a kari, me ya kai ka biyu?” Har na rera mashi duka biyun ina buga tebur, don ya ji bambanci. Ya ce, “Haka ne, Mushe. Kai ka san karatu.” An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to salula ba ta nuna mani fuska ba, ni kuma ban tambaya ba.

A zuwa na uku waƙar ta fito tsaf. Ba ƙaho, ba darni, ba Korgom. Sa ya zama “dabbobin Allah”, ƙarshe ya zama addu'ar zaman lafiya ga ƙasa baki ɗaya. Zaure ya ɗauki tafi. Masu “Ma sha Allah” suka yi ta zubowa, wani ya ce ka ga amfanin gyara. Ni ma na sauko na ce, “Yanzu ka yi waƙa, Baba.” Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ban lura ba a lokacin, sai daga baya da na sake saurare: a wannan karon ba ƙarar guga a bayan muryar.

To a irin wannan shekara, mai albashi ya san abin da ake yi. Dabbobi sun faɗi warwas, makiyaya da manoma na rabuwa da su don ba abin ba su. Ka sayi ramamme da araha, ka ɗaure a gida, ka ba shi dusa da harawa, in kaka ta yi ka fitar. Wani abokin aikina ya ce mani Korgom ta fi araha. Ranar kasuwar na hau moto na tafi. Na rantse baitin nan bai faɗo mani a rai ba ko sau ɗaya a hanya. Abin da ka kashe da hannunka ba ka cika tuna shi ba.

A kasuwar shanu mai dabba bai tsayawa kusa da dabbarsa. Dillali ke riƙe da ciniki, mai ita na can gefe cikin inuwa, ana kai mashi taye ana dawowa. Dillalin ya ja ni wurin wani baƙin sa, dogo, ƙashin kirki, amma haƙarƙarinsa duk a waje, tozonsa ya kwanta. Kansa na sunkuye cikin sauran shanu, ni kuma jiki nake dubawa. Na fara aikin da na iya. Na ɗaga murya na ce wannan fata ce da ƙashi, na ce wuyansa ya yi kanta saboda jan amalanke, na ce ƙafar baya na ja, na ce da wuya ya kai Tasawa da rai. Rabin maganar gaskiya ce, rabi ciniki. Dillali ya je ya dawo da “albarka” sau biyu. A na uku ya ɗauko mai san don a rufe magana.

Wani dattijo ne siriri, da rawani da ya sha wanki. Ya tsaya ya dubi san, ya ce, “Na sallama. Allah ya sa albarka.”

Muryar nan! Kaurinta, da 'yar karkarwar nan a ƙarshe. San ma ya ji ta, ya ɗago kai daga cikin shanu. Ƙaho guda ya miƙe sama, guda ya lanƙwaso ƙasa har kusan ya taɓa kumatu.

Na ce, “Baba...”

Ya yi murmushi, ya miƙo mani hannu biyu. Ya ce, “Mushe, ai tun da ka fara kushe shi na gane ka. Na ce da na kusa da ni, wannan mutumen Tasawa ne, malaminmu na waƙa. Yadda kake ma baiti haka ka yi mashi, ba ka bar komai ba.” Ya dafa ƙahon nan ya ce, “Ga shi. Tun yana maraƙi ya faɗa rami. Ba don baiti ya fita na lanƙwasa shi ba.”

Ba zagi a muryarsa, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce a fasa cinikin. Na ce ya riƙe abin da aka biya ya koma da sansa, in kaka ta yi ma yi magana. Dillali ya fara zare ido saboda la'adarsa. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce, “Na ce na sallama gaban mutane, ba ni maido magana. Kuma in na koma da shi, mi zan ba shi? Ya cinye darni, ya cinye bunun rumbu. Gara hannunka da hannun mahauci. Ka dai riƙa jiƙa mashi dusar, haƙoransa sun fara gajiya.”

Ya sunkuya ya kwance igiyarsa daga wuyan san, don ba a sayar da dabba da igiyarta. Ya naɗe ta a hannu a hankali, ya yi mani sallama, ya nufi layin masu hatsi. Bai waiwayo ba, san kuwa ya bi shi da kallo har ya shige cikin mutane.

Kwana biyu a gidana san bai taɓa abinci ba. Uwar ɗiyana ta ce na sayo mana gawa. A rana ta uku, da hantsi, na rasa dabara, sai na buɗe salula na nemo waƙar nan ta farko, wadda ban gyara ba, mai ƙasa sau biyu, na kunna kusa da kunnensa. Ya ɗaga kai, ya juya yana neman inda mutumin yake. Da bai gan shi ba, ya sa baki cikin kwano. Cikin mu arba'in da ɗaya da muka ji waƙar, shi kaɗai da ungozoma suka san abin da ake cewa.

Ina tsaye nan salula ta yi ƙara. Zaure ne. An nuna dattijon ya fita. Na kira lambarsa, ba ta shiga, kuma ba ta sake shiga ba. Shugaba ya rubuta, “Allah ya kyauta. Wasu mutane ba su jure gyara.” Nan da nan aka yi ta ɗaga mashi babban yatsa. Wani ya ce Mushe ya yi haƙuri, kada wannan ya karya mashi gwiwa, zaure na buƙatar irinsa.

Na sa salula aljihu na ci gaba da jiƙa dusa. Buhu biyu na sayo ma san ranar da na kawo shi, ban ko ji a jikina ba. Bai gama cinye na farko ba aka yi ruwan shuka, kwana tara bayan kasuwar Korgom.