Rayyan, Wanda Ya Katse Farfesa

A Kuala Lumpur aka haifi Rayyan. Mahaifinsa malamin jami'a ne daga Kano, mahaifiyarsa tana sayar da mayafai a titin kasuwa na Jalan Masjid India. A kan ɗaurin yadi ya yi rarrafe, shi ya sa Malayancinsa ya fi Hausarsa. "Yaya" yake ce mini, amma bai taɓa rusuna wa kowa ba.

Tare muka gama digiri a sashen nazarin addinai. Ni na fara gano abin da tsoffin marubutan Rum suka faɗa game da Annabi Isa da mabiyansa na farko, mutanen da ba Kiristoci ba, wasunsu ma sun tsani Kiristocin. Ni na nuna wa Rayyan. Yana cin shinkafa da hannu yana karantawa, har ya ɓata mini takarda da miya.

Farfesanmu yana neman mataimaki guda ɗaya. Wanda bai samu ba, bizarsa ta ƙare ke nan. Ni abin ya shafa, don daga gida na zo karatu, Rayyan kuwa yana da iyayensa a nan.

Farfesa ya kira mu tare. Cikin hira ya ce wani marubucin Rum da ya ambaci hukuncin da gwamnansu ya yanke wa Annabi Isa, da idonsa ya gani. Na san ba haka ba ne. A lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba, bayan shekaru da yawa ya rubuta abin da ya ji. Na sunkuyar da kai yadda aka koya mini a gida, na ce, "Haka ne, Malam."

Rayyan ya ce, da salon maganarsa na Malayanci, "Ba haka ba ne lah, Prof. Ba a haife shi ba ma."

Farfesa ya yi dariya, ya ce da gangan ya faɗa. Ya ba Rayyan aikin.

A shagon shayi na mamak a unguwar Titiwangsa, Rayyan ya turo mini shayi. "Yaya, kai fa ka koya mini. Me ya rufe maka baki?"

"Malami zan ƙaryata a gabansa? Kai da ba ka da kunya ai ga shi ta biya ka."

"To, in je in ce masa binciken nan naka ne?"

Na ɗauki shayin na kurɓa. Bai je ba.

Jiya ya raka ni Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen tsarabar komawa gida. Yana ta ciniki da Malayanci, masu kanti suna ta dariya suna rage masa. Ni ina bayansa riƙe da leda.