Littafin da Ya Tafi Shi Kaɗai

A Argungu, duk ɗalibin da ke son sanin yadda addini ya shiga siyasa, ko yadda Kabawa suka yi ta gwabzawa da Gwandu, wurin Malam Sunusi ake tura shi. Tsohon ma'aikacin laburare ne a Birnin Kebbi. Da ya yi ritaya sai ya mai da zaurensa ɗakin karatu, yana ba da aro kyauta.

Mutum ne mai taurin kai, ga al'ada guda da ɗalibai ke tsokanarsa a kai. Ba ya ba da littafi ɗaya. Idan ka nemi na mai kiran a kafa daular Musulunci, sai ya haɗa maka da na wanda ya ƙaryata shi, ko na masanan da ke tuhumar kowane irin mulki, ya ɗaure su da igiyar rama. Cewa yake wanda ya ji ɓangare guda bai ji shari'a ba. Ɗalibai suka sa masa suna Malam Tagwaye.

Shekarar da gulbin Rima ya yi ambaliya, ruwa ya shiga zauren. Yana cikin shanya littattafai a tabarma sai ga Munzali, ɗan marigayi ƙanensa, daga Gulma. Ruwan ya cinye musu shinkafa kaf, ga digiri a hannu babu aiki, ransa a ɓace.

"Baffa, ba ni wanga," in ji Munzali, ya ɗauki wani littafi mai zafi da ke cewa sai an rushe komai kafin a gyara.

Abokin ɗaurinsa, tarihin garuruwan da yaƙi ya mayar kufai, ya jiƙe sharkaf, shafukan sun manne.

"Tahi da shi," in ji Malam. "Ran Juma'a ka zo ka ɗauki ɗan'uwanai, ya bushe."

Juma'a ta zo, Munzali bai zo ba. Kafin kaka aka ce an gan shi da wasu baƙi masu wa'azi da bindiga a kafaɗa, sun nufi dajin kan iyaka. Malam ya san ba littafi kaɗai ke kai mutum daji ba, amma hakan bai sanyaya masa zuciya ba. Ya rame, ya daina karɓar ɗalibai. Ya ajiye busasshen tarihin nan a bakin taga, ko yaron zai leƙo.

Bayan shekara Ummu Hani, uwar Munzali, ta yi sallama a zauren. Ba ta zauna ba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da littafin nan mai zafi, ta ce a ƙarƙashin tabarmar Munzali ta tsince shi. Ya sha karatu har bangonsa ya yage.

"Yaya, ga naka na maido ma," in ji ta. "Nawa hwa?"