Awon Takanɗa

Akwai wani ƙauri da bai yi kama da na tuwo ba, bai kuma yi kama da na roba ba. Ƙaurin ambarayaji ne in ya ƙone, wato faifan nan da ke haɗa ƙarfin inji da ƙafafun mota. Makon jiya na ji shi a motar ɗana, muna hawan tudun yashi kusa da Gidan Amumune. Nan take na koma ɗan shekara tara, tsaye cikin rana.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi kaɗai ke da mota a ƙauyenmu da ke gefen Issawane. Tsohuwar buɗaɗɗiya ce mai kai mutane da awaki kasuwa. Wata shekara ana tsakiyar girbin gero faifanta ya cinye, a daidai lokacin da aka aiko daga Hawandawaki cewa yayan kakata yana kwance, yana ta kiran sunanta. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Kaka ta ɗaure ƙunshinta tun ranar, ta ajiye shi a bakin ƙofa.

Kawu ya kwance faifan a ƙarƙashin aduwa. Wani maƙwabcinmu Bafillace za shi Tasawa da bijimai, shi za a aika ya sayo sabo. Ya ce a ba shi tsohon ya nuna.

"Ni ɗin?" in ji Kawu. "Masu kanti su wanke min shi, su shafa fenti, su sayar min da abina? Ai ko takalmin amarya da kara ake aika awonsa."

Haka muke yi kuwa. In za a sayo wa mutum takalmi, sai a gwada ƙafarsa da kara a yanke. Kawu ya laluba, takanɗa ce kusa da hannunsa. Ya ɗora ta kan faifan, ya yanke daidai faɗinsa. Haƙoran tsakiya kuma ya ƙirga su, ya yi wa kowane ƙulli a zare. Sannan ya miƙo min, ya ce in kai wa Bafillacen a rugarsu.

Kai mai karatu, in ka taɓa shan takanɗar da ta nuna a lokacin girbi, ka san abin da na riƙe a hannu. Hanyar ruga da nisa, rana tana dukan ƙeya, bakin da aka yanka yana tsattsafo da ruwa. Lasa kawai na yi da farko. Daga lasa sai ɗan cizo. Da na duba na ga shaidar haƙorana, tsoro ya kama ni, na zaro ƴar wuƙata na datse wurin sumul. Abin da ya tafi bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Na ce a raina, mota guda, ina ruwanta da yatsu biyu?

Kwana uku sai ga sabon faifai. Kawu ya juya shi, ya ce kamar ya ɗan rame, amma haƙoransa sun zauna cif, kuma Kaka tana tsaye a kansa. Ya ɗaura. Motar ta tashi lafiya lau, mata suka yi guɗa. Aka sa Kaka gaba, mu da dangi da buhunan gaisuwa muka cika baya.

Ba mu kai rabin hanya ba muka shiga yashi mai zurfi. Injin yana ta kuka, ƙafafu ba sa motsi. Sai ƙaurin nan ya taso, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashi. Kawu ya sauko ya dafe kai.  Amalanken shanu ya ƙarasa da Kaka zuwa babbar hanya. Ta isa washegari bayan azahar, ta tarar an dawo daga maƙabarta.

Da ta dawo gida ba ta zagi kowa ba. Kawu ya durƙusa zai yi magana, ta ce, "Tashi. Ba a rubuta zan gan shi ba." Kawu ya gwada ƙonannen faifan da tsohon, ya ga ratar yatsu biyu. Ya ce mai kanti ne ya cuce shi, kuma har ya rasu bai sake sayen ko ƙusa a Tasawa ba. Ni kuwa na ɓoye maganar datse takanɗar. Tsohon faifan ya zama murfin akurkin kajin gidanmu, kullum ina ɗaga shi ina mayarwa.

Yanzu furfura ta fito min, kuma shekara biyu ke nan ina zuwa karatun manya. Da motar ɗana ta yi wannan ƙauri, na bi shi gareji. Na ce wa makanikin ya ba ni kara in auna.

Ya yi dariya. "Haba Baba, wane kara? Ga lamba nan a jikinsa. Ita za ka faɗa wa mai kanti, ko ta waya ce, ya ba ka ɗan'uwansa sak."

Na tambaye shi ko na da ma suna da ita. Ya ce tun da aka fara ƙera su.

Ban tsaya cin abinci ba da na koma gida. Na ɗauke faifan daga kan akurki, na goge shi da toka da ruwa. Ga su nan a kusa da haƙoran, haruffa biyu da lambobi, tsatsa ba ta cinye su ba. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya da bakina. Ashe ranar da Kawu yake laluben kara, awon yana rubuce a ƙarƙashin babban yatsansa, mu goma sha wani abu muna tsaye a kai, babu mai iya karantawa.

Wannan bai wanke ni ba, ni na sha takanɗar. Na kwafe lambar a shafin farko na littafina. Jikata ta leƙo ta ce, "Kaka, wannan sunan wa ne?" Na zaunar da ita, ita ce mutum na farko da na faɗa wa.