Ana Ɗauka ta Baki?

Ranar da gwaji ya nuna maigidana na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ni ma aka gwada ni, ba a ga komai ba. Aka ce in dawo bayan wata uku. Tun haihuwar 'yarmu muke amfani da kwaroron roba don tazara, wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni wasan da miji da mata kan yi da baki ne, wanda ba kariya a ciki.

Na hau babur daga ƙauyenmu zuwa asibiti a Roni. Na sunkuyar da kai na ce wa wata ma'aikaciya, "Malama, ana ɗauka ta baki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baiwar Allah, ku ci tuwo kwano ɗaya, ba komai."

Na ce ba tuwo nake nufi ba. Sai ta ajiye biro ta kama salati, da ƙarfi, ga mata cike da benci a bakin ƙofa. "Ke da hijabinki har ƙasa?" Wai asibiti na zo, ashe makarantar Islamiyya ce. Mijina ne fa, sadaki ya biya! Na fito da wa'azi, amsa ko ɗaya babu.

Daga nan na daina yarda da bakina, har maganar tuwon ma na daina yarda da ita. Na ware kofina da ludayina. 'Yata mai shekara uku ta saba kurɓar kokona, wata safiya ta miƙo hannu na make shi har kofin ya kife. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi.

Da wata uku ya cika na tafi asibitin Kazaure. Wata dattijuwar nas ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "'Yata, haɗarin kaɗan ne ƙwarai, ya fi yawa in da gyambo ko jini a baki. Kofi kuwa ba ya sa wa kowa." Magana ta minti ɗaya! Gwajin ya sake fitowa lafiya.

Na gode wa Allah, amma har gobe ina jin haushin waccan matar. 'Yata yanzu shekararta biyar. In na miƙa mata kofina sai ta mayar da hannu baya ta ce, "Umma, in sha?"