Jirgin Da Ya Kawo Dawa

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ina karatun ƙirar jirgin sama a ƙasar waje. Malaminmu ya ce kowa ya zo da batun binciken da zai kammala karatu da shi. Na taho hutu Maraɗi ban tsai da komi ba.

Na iske hatsin gonarmu ta Tsibiri ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Wata safiya na raka Baba filin jirgi, don an ce za a kawo taimakon dawa. Jirgin ya sauka, ya yi ta gudu har sai da ya kusa ƙure filin. Nan take na ce ma Baba na samu abin da zan bincika: yadda jirgi mai nauyin kaya zai sauka a gajeren fili cikin zafi irin namu.

Baba ya dubi sojojin da ke sauke buhunan, ya ce, "To, in ka gano, wa zai ce abin da za a ɗora mishi?"

Da hutu ya ƙare na koma makaranta. Binciken na yi shi, malamai suka yaba. Amma har na bar aiki, duk jirgin da na sa ma hannu sai na tambayi abin da ya ɗauko.