Garin da Ke Cikin Ɗigon Ruwa

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na Madarumfa ba don tatsuniya ake hura ta ba, wutar bandar kifi ce. Kakata Dije takan sayi tarwaɗa da karfasa a bakin tabki, ta wanke, ta jera bisa murhun laka, sannan bayan isha'i ta zauna gadi da sanda a hannu, saboda kyanwa da kuma mu jikokinta. Dole ta zauna har kifin ya yi, mu kuma ba ma tashi, ko Allah zai sa wata jela ta karye a ba mu. A tsakanin jiranta da kwaɗayinmu tatsuniya ta samu wurin zama.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ta taso daga tabki, ƙahwarta jiƙe." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta matso ta sha wuta!" Ni take fara tsokana, don ni ne mijinta na wasa. "Maigida, matso kusa. Miji sai ci, ko kihi guda bai taɓa kamo mini ba."

Abu ɗaya ke haɗa mu faɗa da ita, shi ne tulun yara. Manya suna shan ruwan randa mai sanyi, mu kuwa sai ruwan da ta tafasa a gefen wutar banda ta juye a wani baƙin tulu. Warin hayaƙi yake yi, wani lokacin har da ƙarnin kifi. Duk wanda ta kama da moɗa a bakin randar manya, sandar kyanwa ce rabonsa. Wani dare na yi ƙarfin hali na tambaye ta dalili. Ta dube ni ta cikin hayaƙi, sannan ta buga sanda.

Wai an yi wata mata mai rijiya a tsakar gida, ruwanta garai-garai, har maƙwabta na zuwa kallo. Tana da ɗa guda, Ɗan Asabe, kullum cikinsa na murɗa, yana ta ramewa, an rasa gane kansa. Wata rana ta ɗebo ruwa za ta ba shi, sai ta ga ɗigo ɗaya yana reto a gindin moɗa. Ta ƙura masa ido, ɗigon ya yi ta girma, ita ta yi ta ƙanƙancewa, har ta faɗa ciki tsundum. Da ta buɗe ido sai ga ta a ƙofar gari, da ganuwa da kasuwa da komai.

Unguwar farko ta masu laka ce, jajaye, masu ƙiba, malalata. Suka ce da ita, mu in an daka mana ƙwayar zogale aka bar mu muka huta, ƙasa muke kwanciya. Unguwa ta biyu ta farare ce, masu cin sabulu. Duk kumfar da ta faɗo sai su lashe, su shafe tukwane da farin ɓawo, su yi ta hayaniya, amma ba su taɓa kashe kowa ba. Daga nan ta isa unguwa ta uku. A nan Kaka takan sauke murya har sai mun sunkuya. Unguwar tsaf, an share ko'ina, babu motsi. Mutanenta ba su da launi, ba su da wari, kuma sun fi yashin gulbi yawa. Suka kewaye ta cikin ladabi suka ce, "Sannu da zuwa, uwar Ɗan Asabe. Mun san ɗanki, a cikinsa muke kwana."

Ina jin na daina numfashi, don Kaka ta zungure ni da sanda. "Maigida, ruhe bakinka kada ƙuda shi shiga." Matar ta tambaye su me suke tsoro, suka ƙi faɗa. Sai wani ɗan ƙaraminsu ya yi suɓul da baka ya ce wuta. Ta fito a guje, ta ɗora tukunya, ta tafasa ruwan, Ɗan Asabe ya sha ya warke, ya girma ya zama babban masunci. "Ta koma tabki, ta bar mu da kihi," in ji Kaka, ta karya jelar tarwaɗa ta raba mana.

Washegari na ɗiga ruwa a kan yatsana na ɗaga shi wajen rana ina neman kasuwar nan. Ban ga komai ba, amma ban yi shakka ba ko kaɗan. Na yi tsaye a tsakar gida ina riƙe da gari guda a kan yatsa, ina tsoron in motsa. Ban sake taɓa randar manya ba.

Shekaru suka ja, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na gina gidana a bayan gari, inda famfon gwamnati bai kai ba, na sa aka haƙa mini rijiya. Ruwa ya fito fari tas, na yi ta nuna wa baƙi. Amma matata Rabi ta fara ƙorafi, sabulu ba ya kumfa, butar shayi ta yi farin ɓawo. Ƴarmu Hadiza kuwa, takwarar Kaka, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ba ta rabuwa da zawo. A kai ta likita ta samu sauƙi, a dawo gida abin ya dawo. Wuyanta ya yi siriri, ta daina bin kaji da gudu. Tsoro ya kama ni sosai.

Na hau mota zuwa Maraɗi neman na'urar gyaran ruwa. Mai kantin ya nuna mini iri biyu. Ɗaya babba ce, ana zuba mata gishiri, tana tausasa ruwa, sabulu ya yi kumfa, buta ta daina ɓawo. Ɗayar ƙarama ce, tana tace ruwa ta cikin gasasshen yumɓu, ɗigo-ɗigo, ga ta ba kyan gani. Ƙarfina na ɗaya ne. Raina ya tafi ga babbar, don ɓawon buta shi ne abin da idona ya gani, na ɗauka shi ke cin cikin yarinyar. Mai kantin ya ce, "Malam, mi ruwan naka shika yi?" Na buɗe baki zan ce yana cin sabulu, sai na ji muryar Kaka sarai kamar tana bayana. Masu cin sabulu ba su taɓa kashe kowa ba.

Ban sayi komai ba ranar. Na biya ɗakin gwajin ruwa, ma'aikatan suka ba ni kwalba, na koma gida na ɗebo ruwan na kai musu. Da na koma karɓar sakamako, matar da ta yi aikin ta ce ruwan yana da zartsi kaɗan, amma ba wannan ne matsala ba, ƙazantar masai ce ke tsiyaya cikin rijiyar. Ta ga ban gane ba, ta ce, "Zo ka gani da idonka." Ta nuna mini abin da ya tsiro daga ruwan, ta ɗiga kaɗan a gilashi, ta ce in sa ido a madubin likita mai ƙara girman ƙananan abubuwa.

Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Ƙanana, ba launi, cunkus, suna ta kai da kawo kamar ranar kasuwa. Na ce "Allahu akbar" da ƙarfi har matar ta yi dariya. Ni da furfura ta fara fito mini, ga ni tsaye a ƙofar unguwa ta uku. Abin da na nema a kan yatsana ina yaro yana nan, idona ne bai kai ba.

Na sayi ƙaramar na'urar. Na sa aka yaɓe bakin rijiyar da siminti, aka yi mata murfi, aka cike tsohon masan aka haƙa wani can nesa. Ruwan Hadiza kuwa, ko an tace sai Rabi ta tafasa. Har yau sabulunmu ba ya kumfa, mun bar fararen nan su ci rabonsu. Kafin damina ta fita yarinyar ta koma bin kaji.

Na je na ba Gwaggo Hajara labari, babbar yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan Kaka. Ina ta zuba, ina mamakin yadda tsohuwar da ba ta taɓa ganin madubin likita ba ta san da garin nan. Da na ambaci Ɗan Asabe, sai Gwaggo ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Da wanga suna take ba ku ita?"

Na ce da shi, kullum.

"Ɗan Asabe ƙanena ne, wan babanka. Zawo ya ɗauke shi da damina, yana tatata. Ruwan rijiyarmu kuwa hwari tas. Wani baƙo mai allura ne ya ce mata da an tahwasa, da wataƙila ya yi rai. Tun ran nan ba ta sake ba yaro ɗanyen ruwa ba."

Na zauna ina tuna fuskar Kaka ta cikin hayaƙi. Duk daren da ta buga sandar nan, tana mayar da kanta bakin moɗa ne, ta fito a guje, ta ɗora tukunya a kan lokaci. A tatsuniya ɗanta yakan warke ya zama masunci. Mu kuma muna ta ƙorafin ruwa mai warin hayaƙi, muna sha, muna girma.